Ko ya dace in biya a gwada ginina a kwamfuta kafin in sayi AC da sola?

Tambaya: Ina gina masaukin baƙi mai ɗakuna 12 a Agege. Injiniyana ya ce kafin mu sayi AC, janareta da farantan sola, in biya a fara gwada ginin a kwamfuta. Da ya nuna mini manhajar, sai na ga rabinta maganar ɗumama ɗaki ce, mu kuwa a Legas zafi ke damunmu. Anya ba asarar kuɗi ba ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Injiniyanka bai kauce hanya ba. Da gidan zama ne mai ɗaki biyu ko uku, da na ce ka riƙe kuɗinka, lissafin hannu ya isa. Masauki kuwa daban ne.

Ana ba manhajar zanen ginin, kaurin bulo, irin kwanon rufi, girman tagogi da inda suka fuskanta, da yawan masu kwana. Sai a haɗa mata bayanin yanayin garin na awa 8,760 da ke cikin shekara, ta riƙa lissafa zafin da ke shiga da wanda ke fita awa bayan awa. Lissafin ɗaya ne ko a Kanada ko a Agege: can zafi ke tserewa daga ɗaki, nan kutsowa yake yi. Manhajar da aka fi sani, EnergyPlus, ta ma'aikatar makamashi ta Amurka ce, ta fito a 2001, kuma kyauta ake sauke ta, don haka ladan aikin injiniya za ka biya. Ɓangaren sola, batir da janareta kuma akan gwada shi da wata manhaja mai suna HOMER.

Kada ma ka raina ɓangaren ɗumamar. Hitar ruwan wanka ɗaya kan ja wat 1,500 ko fiye. Idan baƙi suka tashi da asuba kowa ya kunna tasa, AC kuma ba a kashe ba, nan ne janareta ke durƙushewa, ba da tsakar rana ba kamar yadda mutane ke zato. Gwajin zai nuna maka wannan awar, ya kuma nuna ko tankin ruwan zafi na rana a saman rufi zai sauke maka nauyin.

Inda na fi so ka sa ido shi ne laima. Zafin Kano busasshe ne, na Legas jiƙaƙƙe. Wani kaso mai yawa na aikin AC a nan tsotse ruwan da ke cikin iska ne. Masu sayarwa sun fi son su ce ka ɗauki babba don hankalinka ya kwanta, alhali AC da ta fi ƙarfin ɗaki takan sanyaya shi nan da nan ta tsaya, ba ta gama janye laimar ba. Sai ka tarar da ɗaki da sanyi amma zanin gado da danshi, bango yana fumfuna. Haka janaretan dizal: in ya daɗe yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, lalacewa yake yi a hankali.

Sai dai manhaja abin da aka zuba mata take dafawa. Ka tambayi injiniyan bayanin yanayin wane gari ya sa. In na Abuja ne ko Kano, aikin ya ɓaci tun daga tushe. Sola kuma a auna ta da watannin Yuli da Agusta, lokacin da gajimare ke rufe Legas, ba da Janairu ba. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar Band A naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin awa 20 a rana. Kai dai a sa farashin da ke kan rasit ɗinka na yanzu, da awannin da layinku ke samu a zahiri. Maƙwabta za su gaya maka.

In ya gama, kada ka karɓi zane mai launi kawai. Ka ce ya gwada maka ginin sau biyu: yadda yake a zane, da kuma bayan an sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano da rumfa a tagogin yamma, sannan ya rubuta maka bambancin a litar dizal ta wata guda.