Finci Bengali masu duhu biyu sun ƙyanƙyashe ɗa mai haske: ina matsalar take?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce finci Bengali ɗinka, wato ƙananan tsuntsayen nan na keji, namijin da macen duk masu launin cakulet ne, amma cikin 'ya'ya biyar ɗaya ya fito da ruwan ƙasa mai haske mai ja-ja, shi ne kake zargin ko mai sayarwa ya haɗa ka da gauraye, kuma kana son sanin yadda za ka ƙara samun irinsa. Kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba. Na daɗe ina kiwon tsuntsayen nan, kuma irin wannan ƙyanƙyasar na gan ta ba sau ɗaya ba.

Launin nan mai haske, wanda masu kiwo ke kira fon, launi ne mai ɓuya. Kowane tsuntsu yana gadon ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Cakulet shi ne mai rinjaye, shi ya fi kusa da launin kakansu na daji, wanda aka kai Japan daga Sin kimanin shekaru 250 da suka wuce, aka yi ta kiwonsa har ya zama na gida. To, idan tsuntsu ya gaji cakulet ɗaya da fon ɗaya, a ido cakulet za ka gani, fon ɗin yana kwance a jini. Sai irin waɗannan biyu sun haɗu sannan yake bayyana, kuma a lissafi ɗaya cikin huɗu ne zai fito fon. Wannan lissafi na 'ya'ya masu yawa ne fa. A sheƙa ɗaya mai ƙwai huɗu zuwa shida kana iya samun biyu, kana iya rasawa gaba ɗaya. Abin da ɗan nan ya tabbatar maka shi ne iyayensa duka biyun suna ɗauke da fon.

Tun ranar ƙyanƙyasa ma ana iya ganewa. Ka leƙa sheƙar da safe, za ka ga fatar masu cakulet ta yi duhu, ta fon kuwa ja-ja ce mai haske. In ya girma, bakinsa ma ba ya yin duhu kamar na 'yan'uwansa.

Idan fon kake so da yawa, ka nemo masa abokin zama fon daga wani gidan. Fon da fon, fon suke haifarwa. In ba ka samu ba, ka haɗa shi da cakulet mai ɗauke da fon, rabin 'ya'yan za su fito fon. Ni dai ba na son mayar da ɗa kan uwarsa ko haɗa 'yan sheƙa ɗaya don neman launi. Launin zai zo, amma in aka ci gaba da haka sai ka ga jiki yana ƙanƙancewa, ƙwai na yawan lalacewa.

Inda na fi so ka kula shi ne wurin ajiya, domin a nan lissafin mutane da yawa yake rushewa. Tsuntsayen nan akwai son jama'a. Ka zuba takwas a keji ɗaya, ka rataya musu sheƙa huɗu, da magariba za ka tarar duk sun cusu cikin guda, kawuna kaɗai ke leƙowa. Mata biyu ko uku sai su zuba ƙwai wuri ɗaya, kowa ya hau kwanci, kowa ya ciyar. Wannan halin ne ya sa ake ba su renon ƙwan wasu tsuntsaye irin su Gouldian na Ostareliya, amma a haka ba za ka taɓa sanin ɗan wane ne wane ba. Kowane aure da kejinsa. Kuma ka ware macen ita kaɗai kamar mako uku kafin ka sa mata namijin da ka zaɓa, domin maniyyin na baya yana iya zama a jikinta har wajen mako biyu. Ka sa wa 'ya'yan zobe a ƙafa, ka rubuta iyayensu a littafi.

Namiji da mace kamarsu ɗaya, sai a waƙa ake rarrabe su. Namijin ne ke miƙe wuya, ya hura gashin cikinsa, yana ɗan tsalle a kan sanda yana rerawa.

Ba kowane launi ne ke bin hanyar gadon fon ba. Kiramino, mai launin madara da jan ido, gadonsa yana tafiya ne da jinsi: namiji yana iya ɓoye shi, mace ba ta iyawa, in tana da shi za a gani a jikinta. Saboda haka namiji kiramino da mace cakulet za su ba ka 'ya'ya mata duk kiramino, maza duk masu duhu, ka san jinsinsu tun suna cikin sheƙa. Masu roɗi-roɗin fari kuwa ba a yi musu alkawari, iyaye ɗaya sai su ba ka mai ɗigon fari a ka, su ba ka wanda ya kusa zama fari fat. Mai tukku kuma tukkun yana rinjaye, don haka ka haɗa shi da marar tukku, kusan rabin 'ya'yan za su fito da shi. Kada ka haɗa tukku da tukku.

Ka bar ɗan naka ya kai wata takwas ko fiye kafin ka sa shi aure, musamman in mace ce.