Amsa ga mai tambaya kan ƙona waƙoƙinta da labaranta na farko

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, wai kina da littattafai uku cike da waƙoƙi da wani guntun labari da kika rubuta tun kina sakandare, yanzu in kin buɗe kunya ke kama ki, shin ki ƙona ko ki buga su haka. Dan Allah ajiye ashanar nan tukuna, ni na taɓa ƙonawa kuma har yau abin na ci min rai.

Ni ma da waƙa na fara, ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, duk baiti sai ya ƙare da "na" ko ma'ana ta zo ko ba ta zo ba, in amsa-amo ya ƙi sai in jawo wata kalmar Larabci da ni kaina ban gama saninta ba in cusa. Da na koma zube kuma sai ga shi kowace jimla tana son ta yi rawa kamar ɗango, mutum zai sha ruwa a labari sai na ci layi huɗu ina kirari. Wata rana wani yayanmu ya ɗauka ya karanta a tsakar gida da ƙarfi ana ta dariya, da daddare na tura su a murhu gaba ɗaya. Waƙa ɗaya ce ta tsira, ita ma don ta maƙale a cikin littafin lissafi, na tsince ta bayan wajen shekara goma. Wallahi baiti bakwai a ciki kwaikwayo ne tsantsa na waƙoƙin da muka haddace a aji, amma akwai ɗango biyu kan kakata tana tankaɗe da asuba waɗanda ba na kowa ba ne, nawa ne, kuma irin wannan kallon ne nake rubutu da shi har yanzu. To sauran da suka zama toka fa, me ke cikinsu? Oho.

Kuma batun kwaikwayo da kike jin kunyarsa, je ki sake karanta Ruwan Bagaja da idon mai rubutu ba na ɗaliba mai jiran jarrabawa ba. Abubakar Imam yana da wajen shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta shi don gasar rubuta labaran Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji Muƙamar Hariri, tsohon littafin labaran nan na Larabci, zai ji ƙamshinta a yadda taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ke ta haɗuwa gari gari kowa na shirya wa ɗan uwansa tsiya. Labarin ma a ganina tsalle yake yi, wannan abu ya ƙare wancan ya faɗo, zaren da ya ɗaure su siriri ne. Sai ki ɗauko Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937, nan ma aro ya yi daga su Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, amma dubi yadda ya zaunar da komai a bakin aku, hannu ya faɗa. Barkwancin nan da iya zancen tun a na farko suna nan, da an ƙona Ruwan Bagaja ba mu da inda za mu ga mafarinsu.

Chinua Achebe ma gajerun labaran da ya rubuta a mujallar ɗalibai yana jami'a a Ibadan farkon shekarun 1950 bai yar ba, a 1972 ma ya sa wasu cikin littafinsa Girls at War, bayan duniya ta riga ta san shi.

Amma fa ban ce ki kwasa ki kai maɗaba'a ba, nan ma na ga waɗanda suka yi gaggawa daga baya suna bin kasuwa suna neman janye littafinsu. Abin da nake yi yanzu, in rubuta shekara a saman kowane shafi, in ɗauki hotonsa a waya saboda gara da ruwan damina, sannan in karanta waƙar da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki, duk inda harshe ya yi tuntuɓe karin ne ya karye, in sa alama. Labarin kuma ki bi shi da jan biro ki ja layi ƙarƙashin duk abin da kika gani da idonki a gidanku ko unguwarku, ba wanda kika tsinta a littafin wani ko fim ɗin Indiya ba. Zai yi wuya ya wuce shafi biyu, kar ki damu, nawa ko ɗaya bai cika ba.

In kin yarda ki turo mana baiti uku a nan, waɗanda kika fi jin kunyarsu nake so ba waɗanda kike alfahari da su ba. Ni ma zan nemo ta kakata in saka, har da baitocin satar.