Girkin Ranar Biki Ga Mai Cin Abinci Shi Kaɗai

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni matashi ne, kuma aiki ba zai bar ni in je gida hutun bikin bana ba. Bara ma haka ta faru, na sayi kaza guda na gasa, ƙirjin ya bushe ƙamas, sannan na yi kwana biyar ina fama da sauran har ta gundure ni. Ina da ƙaramin obin da murhu mai kai biyu. Me zan dafa da zai yi kama da abincin biki ba tare da na wuni a kicin ba?

Amsa: Ɗana, abin da ya ba ka wahala bara awo ne, domin ka yi girkin mutum biyar alhali baki ɗaya ne zai ci. Ita kaza guda tana da wata matsalar kuma: tsokar ƙirji ba ta da kitse kuma tana saurin nuna, cinya kuwa tana son lokaci, saboda haka kafin cinyar ta gasu ƙirjin ya riga ya rabu da ruwansa. Bana ka sayi cinya biyu kawai, masu ƙashi da fata. Kitsen da ke jikinsu da jijiyoyin da ke narkewa a wuta suna riƙe musu laushi, ta yadda ko ka shagala suka ƙara minti goma a obin ba za su ba ka kunya ba.

Aikin yana farawa tun daren jajibere, amma bai fi minti biyar ba. Ka tsane cinyoyin da tsumma mai tsabta har su bushe, ka shafe su da rabin ƙaramin cokali na gishiri da masoro da dakakkiyar tafarnuwa, ka tura kaɗan ƙarƙashin fatar da yatsa, sannan ka ajiye su a kan faranti a ƙasan firji ba tare da ka rufe ba. Dalilin wannan busarwa shi ne, muddin akwai ruwa a kan fatar zafinta ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali jan nan mai ƙamshi da ake nema a gasasshen nama sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ne ya fara bayanin wannan sauyi a 1912, kuma da sunansa ake kiransa har yau. Hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka da Birtaniya suna ba da shawarar kada a wanke ɗanyar kaza a bakin famfo, domin feshin ruwan yana watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da teburin girki, wuta ce kuma take kashe su. Idan zuciyarka ba ta yarda ba sai ka wanke, to ka yi a cikin roba a hankali, ka bi wurin da hannuwanka da sabulu.

Ranar bikin ka kunna obin a digiri 200. Ka fere dankalin turawa biyu, ka yanka su loma-loma, ka tafasa su minti takwas da ɗan gishiri, ka tsiyaye ruwan, sannan ka rufe tukunyar ka girgiza ta sau biyu ko uku har gefen dankalin ya ɗan farfashe, domin wannan gefen ne zai yi ƙurus-ƙurus a gashi. Ka haɗa shi da karas ɗaya da albasa ɗaya da ka raba gida huɗu, ka juya su da mai babban cokali biyu, ka baza su a tiren gashi. Kada ka tula su, don idan suka hau kan juna turara za su yi maimakon gasuwa. Cinyoyin su zauna a tsakaninsu, fata tana kallon sama, na tsawon minti 40 zuwa 45. Saura minti biyar ka shafa musu zuma cokali ɗaya da ka dama da ruwan lemon tsami. Idan ka sa ta tun farko za ta ƙone ta yi ɗaci. Kaza ta nuna idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 74 a tsakiyar tsoka ba tare da ya taɓa ƙashi ba, idan kuma ba ka da shi, ka soka wuƙa kusa da ƙashin ka tabbatar ruwan da ya fito garau yake, babu alamar jini.

Ga inda nake ganin masu girki da yawa suna asara. Bayan ka kwashe kazar ka bar ta ta huta minti goma, za ka ga ƙasan tiren ya yi ja da ɗanko. Kada ka kai shi wurin wanke-wanke. Ka zuba masa ruwan zafi rabin kofi, ka kankare shi da cokalin katako, ka juye a ƙaramar tukunya ya tafasa har ya ɗan yi kauri, ka matsa lemon tsami. Wannan romo cokali huɗu, a ganina, shi ne abin da ya fi komai bambanta farantin biki da na ranar aiki.

Kayan zaƙi kuwa obin ɗin da ke da zafi zai yi maka. Ka raba tuffa ɗaya gida biyu, ka cire 'ya'yan, ka barbaɗa kirfa, ka ɗiga zuma, ka sa ta ciki lokacin da ka zauna cin abinci. Kafin minti 25 ta yi laushi, sai ka ɗora mata yogot mai sanyi. Roƙona guda shi ne kada ka ci a tsaye daga cikin tire. Ka zuba a farantin da ka fi so, ka zauna, wayar gida kuma ka yi ta kafin ka zuba ko bayan ka gama, domin gaisuwar biki ba ta ƙarewa da wuri kuma fatar kaza ba ta jiran kowa.

Tambaya: Maigidana ya rasu shekara biyu ke nan, yara kuma kowa yana inda yake. Hannuna ya saba da babbar tukunya, duk abin da na ɗora sai ya yi yawa. Ba ni da obin, tsayuwa mai tsawo kuma tana ba ni wuya.

Amsa: Yaya, Allah ya jiƙansa, ya ƙara miki lafiya. Hannun da ya shekara yana ciyar da gida ba ya koyon ragi da ido, saboda haka ki bar kofi ya yi miki awo, ki kuma sauko da mafi ƙanƙantar tukunyarki, domin ruwa kaɗan a tukunya mai faɗi yana ƙonewa kafin abinci ya nuna. Rabin kofi na shinkafa ya ishi mutum ɗaya. Ki soya 'yar albasa a man shanu cokali ɗaya, ki jefa guntun kirfa da kanumfari biyu, ki zuba shinkafar ki juya ta minti ɗaya, ki ƙara zabibi cikin tafin hannu da gishiri da ruwan zafi kofi ɗaya. Ki rufe, ki rage wuta sosai minti 15, ki kashe, ki bar ta a rufe wasu minti goma. Minti 15 ɗin nan a zaune za ki yi su.

A cikin minti goman nan na ƙarshe za ki soya kifi yanka ɗaya. Ƙa'idar da masu girki suke bi ita ce kusan minti goma ga yankan da kaurinsa ya kai santimita biyu da rabi. Ki tsane shi, ki sa gishiri, ki ɗora a kasko mai zafi da mai kaɗan, kada ki taɓa shi har minti biyar. Idan gefen ya yi, da kansa zai saki kaskon. Ki juya, ki sa man shanu da tafarnuwa, ki riƙa ɗibar man da cokali kina zuba masa a kai, ki ƙarasa da lemon tsami. Kokwamba da tumatir a gefe sun wadatar.

Tambaya: Anti, idan abincin ya yi saura, kwana nawa zan iya ajiye shi?

Amsa: Ƙanwata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, kuma a adana shi a sanyin da ke ƙasa da digiri 5. Nama da kayan lambu suna kai kwana uku zuwa huɗu a firji. Shinkafa ce ke son kulawa ta daban, domin akwai ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus wadda irinta yake tsira daga dahuwa, idan kuma shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Ki baza ta a faranti ta huce cikin awa ɗaya, ki sa a firji, ki cinye washegari, kuma sau ɗaya kawai za ki ɗumama ta, har sai tururi ya tashi daga tsakiyarta. Idan babu firji, ki dafa daidai cikinki. Cinyar kazar da ta rage kuwa, ki zare naman, ki soya shi da sauran dankalin har ya yi zafi sosai, ki fasa ƙwai biyu a kai don karin kumallo.