Kwamfuta ta buɗe fayau bayan ɗauke wuta: ina fayilolina suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin rubuta kundin digirina aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Da na sake kunnawa sai na tarar da Desktop fayau, ga saƙo wai an shigar da ni ta "temporary profile". Mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin. Windows 10 ce. Ɗaliba ce daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki bari a yi fomatin ɗin nan, shi ne zai share kundin naki. Galibi fayilolin suna nan daram.

Kowane asusu a Windows yana da fayil mai suna NTUSER.DAT, inda ake adana saitinsa. Idan wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa, yana iya lalacewa. Da Windows ta kasa karanta shi, sai ta ba ki ɗakin aro, wato "temporary profile" ɗin nan. Kada ki ajiye komai a wannan ɗakin, domin kina fita za a goge shi.

Ki fara da sake kunna kwamfutar sau biyu ko uku. Wani lokaci manhajar kashe bairos ce ta riƙe fayil ɗin, sai ta sake shi. In bai yi ba, ki buɗe C:\Users, ki shiga foldar da ke ɗauke da sunanki, ba TEMP ba (ita ce ta ɗakin aron). Documents, Desktop da Pictures duk suna ciki. Ki kwafe su zuwa filasha kafin a taɓa wani abu.

Daga nan ki buɗe sabon asusu mai ikon Administrator, ki shiga ta cikinsa, ki zuba kayan. Amma kar ki ɗauko NTUSER.DAT da 'yan'uwansa masu farawa da ntuser, cutar za ki kwaso.

Saiti ya fi wahalar ceto. Na manhajoji yawancinsa yana cikin AppData, ɓoyayyiyar folda ce, sai kin kunna Hidden items a File Explorer, inda ake buɗe foldoji, kafin ki gan ta. Shafukan da kika adana a Chrome suna cikin fayil ɗin Bookmarks, a AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default. Kalmomin sirri kuwa a kulle suke da tsohon asusun, kwafewa ba za ta buɗe su ba, sai in dama kin haɗa Chrome da asusunki na Google.

Akwai masu gyara ta regedit, manhajar sauya saitin cikin Windows: a ƙarƙashin ProfileList sukan sami layi biyu masu farawa da S-1-5-21, ɗaya da .bak a ƙarshe, su musanya sunayen. Yana aiki, amma ni ban cika so a fara da shi ba, kuskure ɗaya sai Windows ta ƙi buɗewa. Idan kuma matsalar ta dawo ba tare da an ɗauke wuta ba, ki sa a duba hard disk ɗin, ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, da umarnin bincike na chkdsk, wataƙila shi ne ya fara gajiya.