Boris ɗin injina sai ƙonewa yake

Tambaya: Salam Injiniya, ina da injin niƙa a Sabon Gari Zariya, tunda na sa masa inbata mai sarrafa gudu boris ke ta lalacewa, giris ya yi baƙi ƙirin, ya zan yi?

Amsa: Alhaji ai wuta ce ke bin sandar injin tana ratsa boris ɗin, in ka buɗe za ka ga zane a jere kamar haƙoran matsefi. Nemi boris mai rufin da wuta ba ta wucewa, amma gwada shi da mega tukuna (mitar da ke auna yadda rufi ke hana wuta wucewa), waya ɗaya a zoben ciki ɗaya a bayan na waje, ya bushe sarai fa don danshin damina na rage karatun. In karatun mega ya yi ƙasa da megom 1 (ma'aunin da yake nunawa ke nan) kar ka ɗaura. In kuwa boris ɗin yana jikin injin za ka gwada shi, sai ka ware boris na ɗaya gefen sandar, in ba haka ba mega ƙarya zai maka.