Shagala, Taura Biyu da Dukan Taiki

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce, ga yara ga karatu. Mahaifiyata kullum sai ta ce na shagala, ni kuwa ban ga shagalin da nake yi ba. Shin shagala da shagali abu ɗaya ne?

Amsa: Malama, tushensu ɗaya, amma kowace ta kama hanyarta. Duka biyun daga Larabci Hausa ta aro su, daga "shugul", wato aikin da ya cika wa mutum hannu. Harafin "gh" na Larabci kan koma "g" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a gafara da gaibi da magariba. Ma'anonin biyu ma suna cikin Alƙur'ani. A Suratu Yasin, aya ta 55, an ce 'yan Aljanna suna cikin "shugul" suna jin daɗi. Wannan shi ya fi kusa da shagalinmu na biki da annashuwa. A Suratul Fathi kuwa, aya ta 11, ƙauyawan da suka ƙi fita tare da Annabi (SAW) sun kawo uzurin cewa dukiyoyinsu da iyalansu ne suka shagaltar da su.

Ki lura da uzurin nan da kyau. Ba caca suka ambata ba, ba wasa ba; dukiya da iyali ne, abubuwan da ba wanda zai ce banza ne. To haka shagala take a Hausa: ba sai da kiɗa ba. Mutum yana iya shagala da aiki na halal, muddin aikin ya tare masa wani abu da ya fi shi. Saboda haka Hajiya ba ta ce kina wasa ba. Cewa take yi akwai abin da kika bari a baya, kuma ina kyautata zaton ita ce abin. Ki leƙa ta.

Tambaya: Malam, wanne ya dace a faɗa wa mai tara wa kansa ayyuka: "taura biyu ba ta taunuwa" ko "in dambu ya yi yawa ba ya jin mai"?

Amsa: Ɗalibi, ana yawan musanya su, amma ba ciwo ɗaya suke nunawa ba. Taura 'yar itace ce mai ƙaton ƙwallo, guda ɗaya ma ta cika baki. Maganarta ta lokaci ce: ba a hana ka cin biyu ba, a tare ne ba ya yiwuwa. Ita ake faɗa wa mai karatu yana duba WhatsApp. 'Yar'uwarta ita ce "ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu", sai dai wannan ba a gaban surukai ba.

Ta dambu kuwa maganar yawa ce. Ko ɗaya bayan ɗaya ka bi ayyukan, man da ke hannunka, wato ƙarfinka da natsuwarka, bai ƙaru ba. Mai taura biyu jeri yake bukata. Mai dambu kuwa sai ya rage, ya koyi cewa "ba zan samu dama ba" tun kafin ya ɗauki alkawari.

Akwai ta uku da ba ka tambaya ba, wadda a ganina ta fi su cizo: "an bar jaki ana dukan taiki". Taiki jakar fata ce da ake ɗora wa jaki. Asali ana faɗarta ne idan an ƙyale mai laifi an huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, amma ta zauna daram a kan mai wuni yana amsa saƙonni da gyara tebur, alhali babban aikin yana nan ko taɓa shi bai yi ba. Shi wannan wuyar sha'ani gare shi, domin da yamma a gajiye yake tiƙis, in ka ce masa bai yi komai ba sai ku yi faɗa.