Hukuncin ƙirga zobban bishiya a rikicin iyakar gona

Tambaya: Malam, muna jayayya da maƙwabcinmu kan wata kuka da ke iyakar gonakinmu. Mun ce kakanmu ya dasa ta, shi ya ce ta girmi kakan. Na karanci fannin gandun daji, ina so in sare ta in ƙirga zobban cikin gindinta don in san shekarunta, amma wani ya ce duba ne.

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ɗana, ƙirgar halal ce, saran ne bai halatta ba.

Mai cewa duba ne bai yi daidai ba. Boka yana da'awar gaibu ba tare da sababin da ido ke gani ba. Nan kuwa sababi a fili yake: da damina itace yana yin tsoka mai faɗi da haske, ruwa na janyewa sai ya yi siririn layi mai duhu, su biyun zobe ɗaya, wato shekara ɗaya ke nan. Shekarar fari, irin 1973 ko 1984, zoben yakan tsuke. Wannan ƙarina ce, karanta alama. A Suratu Yusuf da yagewar riga ta baya aka gane mai gaskiya, kuma Annabi (SAW) ya yi murna lokacin da Mujazziz, mai gane dangantaka ta kamanni, ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama ya ce tsatsonsu ɗaya. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, ya tabbatar da aiki da ƙarina a littafinsa Tabsiratul Hukkam.

Sai dai ka ce kuka, kuma nan maganar ta canza. Naman kuka taushi gare shi, tsohuwarta takan yi kogo, zobbanta ba abin dogaro ba ne, shi ya sa masana ke auna shekarunta da sinadarin kabon. Ko bishiyoyi irin su doka, maje ko madobiya ba a sare su don ƙirga zobba. Ana huda gindin da bututun awo a ciro siririn itace kamar milimita 5, sau biyu a kowace bishiya, a goge da samfefa, a gwama da na wasu bishiyoyin wurin, domin yankewar ruwa tsakiyar damina takan haifar da zoben ƙarya, wata shekarar kuma zoben ya ɓace. Ko ƙirgar ta fito daidai, shekaru za ta nuna, ba wanda ya dasa ba.

Ka ji tsoron Allah game da saran. Kukar alamar iyaka ce, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwa ga mai canza alamar ƙasa. Ga kuma dukiya da ake jayayya a kanta. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan mai musu. Ku nemo dattawan da suka san gonar tun tana hannun kakanku, ku je gaban mai unguwa ko alƙali, kuma kada karatunka ya sa ka ɗaga wa dattijon maƙwabci murya.

Wallahu a'alam.